Yadda Na Kai Nonon Saratu Ƙasar Holan

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har a layin injin niƙa wata ta tare ni wai da gaske ne tsofaffin Turawa a kan keke suke zuwa kasuwa. To, ga shi za ni rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tare ni in miƙa mata ta karanta da kanta. Masu jiran atamfa 'yar Holan kuma ku yi haƙuri, wallahi har na baro ƙasar ban ga mace ɗaya ɗaure da ita ba, ban kuma ga shagon da ake sayar da ita ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Balki, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti nan Isa. Aikina jini da fitsari da majina. Wata likita mai bincike a Sakkwato ta haɗa aiki da wata jami'a a Holan a kan nonon uwa, ni kuma anka ɗora mani tattaro samfur daga mata masu shayarwa a Isa da Sabon Birni da ƙauyukan kewaye, kowacce 'yar kwalba ɗaya da yardarta. Da lokacin kai su ya yi, likitar cikinta ya tsufa, jirgi ba ya ɗaukarta. Ta ce in tafi in kai, in zauna 'yan makonni in koyo aikin. Na ce to, amma gaskiya abin da ya sa na yi tsalle daban ne.

Ina da ƙanwa, Saratu, tana aure a Unguwar Lalle. Ɗanta na fari zazzaɓi ya ɗauke shi. Da ta haifi ta biyu, Luba, sai uwar mijinta Inna Kulu ta ce a gwada nonon. Kun san yadda ake yi: a tatsa cikin ludayi, a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya. In ta nutse, mugun nono ne, shi ke kashe ɗiya. Tururuwa ta nutse. Anka cire Luba daga mama tun tana 'yar jaririya, anka koma ba ta nonon akuya da koko. Gudawa ta kama ta, ko zama ba ta fara ba ta rasu. Yanzu Saratu ta haifi na uku, Usman, ana ce mashi Ajuji irin na 'ya'yan wabi. Bayan suna Inna Kulu ta sake jefa tururuwa, ta sake nutsewa.

Kada ku ɗauka muguwa ce. Tsohuwar ta wanke jikoki biyu da hannunta, tsoro ne ya cika ta. Na je na durƙusa gabanta na yi bayani har bakina ya bushe, ta saurare ni da ladabi irin na wanda ba zai canza ra'ayi ba.

"Likita," ta ce, don haka suke kiran duk mai farar riga, "ke karatu kinka yi, ni gani na yi."

"Inna, ki ba ni lokaci. Za ni tafi da nonon nan inda suke da madubin da ke ganin abin da tururuwa ba ta gani. Ki bar shi ya sha har in dawo."

Ta juya carbi, sannan ta ce, "Je ki dawo. Amma in wanga yaro ya yi ko tari, ba ni jiran kowa."

Da wannan magana a kaina na shiga mota.

Daga Isa zuwa Sakkwato a bas munka tafi, ina rungume da akwatin sanyi irin na masu rigakafi, cike da ƙanƙara, kwalaben a daskare a ciki. Yaron mota ya so ya ɗaure shi sama tare da buhunan gero, na ce sai dai ya ɗaure ni tare da shi. Kun san halin hanyar nan tamu yanzu, ba mai hira sai an wuce dajin, kowa bakinshi na motsi da addu'a. Da munka fita wurin da ake tsoro sai baki ya buɗe. Wata hajiya a gefena ta ce in ɗan sa mata furarta a ciki ta yi sanyi. Wani tsoho a baya ya ce shi ya sani, ƙodar mutum ce. A shingen sojoji anka tambaye ni, na ce nonon mata ne za ni kai Turai. Sojan ya dube ni, ya dubi akwatin, ya kira abokinshi ya ce in maimaita.

Mun wuce Goronyo kaɗan bel ɗin mota ya tsinke, rana tsaka. Direba ya hau babur ɗin wani ya koma neman sabo. Babu inuwa sai ta wata 'yar aduwa da ba ta isa akuya ba. Ina taɓa akwatin ina jin murfinshi na ɗaukar zafi, hankalina ya tashi, sai ga hawaye. Hajiyar fura ta matsa mani da tambaya, na ba ta labarin Saratu. Kafin in rufe baki ta kwance mayafinta, ta jiƙa da ruwan butarta ta lulluɓe akwatin. Wata mai goyo ta ba da zanen goyonta, wata ta kama fifita da murfin kwano. Tsohon ƙoda kuwa ya tsaya da babbar rigarshi a buɗe yana tare mana rana. Mai goyon ta raɗa mani cewa ita ma an taɓa jefa mata tururuwa, Allah Ya taimake ta ta fita. Da munka isa Sakkwato na buɗe, kwalaben na nan kamar dutse.

Jirgi na Abuja shi ne hawana na farko. Ba za ni yi maku ƙarya ba, da ya tashi na damƙe hannun wata baiwar Allah da ban sani ba, har muka sauka tana murza yatsunta. A Abuja anka canza mani ƙanƙara da wata da suke ce wa busasshiya, wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta bi iska tana hayaƙi. Anka ce kada in taɓa da hannu. Ni da taurin kai na ɗan lakata, ta ƙone ni kamar garwashi. Ikon Allah, sanyi mai ƙuna!

A filin jirgin Holan ne na ga dogayen mutane. Ni da ake ce wa doguwa a gidanmu, sai ga ni ina ɗaga kai in yi magana da mata. Na bi layin masu kayan nunawa, ina ta tsara Turancin da za ni kare akwatina da shi. Ma'aikacin ya karanta takardun izini, ya leƙa, ya rufe, ya ce madalla. Shi ke nan! Ina shirin wucewa sai wani ɗan kare mai faɗin kunne ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Anka buɗe, anka zaro ƙunshin kilishin da Babanmu ya aika har Sabon Birni anka yi mani musamman. Wai ba a shiga da nama. Na yi roƙo da Turanci, na gwada ɗan Faransancin da na tsinta wurin 'yan kasuwar Maraɗi, mutumin sai murmushi yake yana jefa shi cikin kwandon shara. Yajina dai anka bar mani. Karen nan har yau ban yafe mashi ba.

Masaukina ɗaki ne a gidan wata tsohuwa mai zaman kanta ita da kyanwarta. Matakalar benen a miƙe take kamar tsanin rumbu, da rarrafe nake hawa. Tagoginsu manya, babu labule, kana tafiya a titi kana kallon mutane na cin abinci a falonsu, kuma ba mai damuwa. Na tuna zauren gidanmu da katangar da ke bayanshi da labulen da ke bayan katangar, na yi dariya ni kaɗai. Washegari na fita ina gaida duk wanda na gamu da shi kamar yadda anka hore mu, wasu su amsa a firgice, wasu su waiga su ga ko da wani nake. Na hau wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ja mai kyau ina tafiyata, sai ƙararrawa ta ko'ina, kekuna kamar garken tumaki sun yo kaina. Ashe hanyarsu ce. Wata tsohuwa mai furfura ta wuce ni a guje da yara biyu cikin akwati a gaban kekenta, ta faɗa mani wata magana da nake zaton ba gaisuwa ba ce.

Abinci kuwa, kada ku tambaya. Da rana kowa ya zaro burodi da cuku mai sanyi daga jaka, ya ci a gabanka, ba bisimilla ba tayi. Ranar farko na zauna ina jiran a ce in sa hannu har anka tashi. Sai da na saba na gane ba rowa ba ce, kowa da nashi yake zuwa. Sun ba ni wani ɗanyen kifi da albasa wai shi ne abin alfaharinsu, na haɗiye don kunya, na bi shi da yaji. Bayan nan duk abin da anka miƙo mani sai na barbaɗa, har cukun.

Shugabar ɗakin binciken ana ce mata Dakta Saskiya, doguwa, ba ta kwana-kwana a magana. Ina cikin gaisuwa, ban kai ga tambayar iyali ba, ta ce, "Ina samfur?" Ta buɗe, ta ga a daskare, sai ta rungume ni. Nan na gane halinta, a aiki take nuna ƙauna.

Bari in gaya maku abin da suke nema cikin nonon, da Hausar gida, yadda na fahimta. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, na hanta daban, na hanji daban, na mama daban. Waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo. Ɗaya daga hanyoyin shi ne ƙwaya ta ƙulla wani ɗan mitsitsin ƙunshi, ta naɗe shi da fatar maiƙo irin ta jikinta, ta sako shi waje. Sunanshi ekzozom. Ya fi ƙwayar bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, madubinmu na duba jini na Isa ko na wuni ina leƙe ba ni ganinshi. Suna cikin jini, suna cikin miyau da fitsari, kuma nonon uwa cike yake da su. Cikin ƙunshin akwai kaya iri-iri, amma abin da Dakta ta mutu a kai wasu gajerun zarurruka ne da ake kira maikro-RNA. Kowace ƙwaya tana da umarnin da take bi ta ƙera abubuwan da take ƙerawa. In ƙunshin ya shiga wata ƙwaya ya kwance, zaren ba ya kawo sabon umarni. Yakan liƙe wa wani umarnin da ke nan ya danne shi, sai ƙwayar ta rage ƙera wancan abin.

"Wato kamar uwa ta aiko daga ɗaki a ce a rage wuta a murhu," na ce mata.

Ta tsaya ta dube ni, ta ce za ta sace wannan ta gaya wa ɗalibanta. Ta ƙara da cewa fatar maiƙon nan na kare saƙon, shi ya sa suke ganin da yawa na iya tsallake ruwan ciki su kai hanjin jariri. Abin da suke yi a can, da yawan da ke isa, shi ake kan bincike. Shekara nawa ina ganin mata na shayarwa a barandar asibiti, ina ɗauka ci ne da sha kawai.

Ta kai ni wani sashe a asibitin da ke jikin jami'ar, inda mata ke kawo nonon da ya yi masu yawa, a tace, a dafa shi sama-sama, a ba bakwainin da uwayensu ba su da shi. Na riƙe baki. Na ce to in sun girma wa ya san ɗan'uwan wa? A wurinmu wanda kunka sha mama ɗaya ɗan'uwanka ne, babu aure tsakaninku. Ta ce iyaye Musulmi na yi masu wannan tambaya, kuma ba ta raina ta ba. Na sa ta rantse mani cewa na matanmu ba ya zuwa bakin kowane yaro. Ta ce ko ɗigo, na bincike daban yake.

Ranar da za a fara aiki sai na ji tana cewa za a haɗa samfur na mata da yawa wuri ɗaya, don kowace kwalba ta yi kaɗan, kuma an cire sunaye an sa lambobi yadda ba mai sanin na wa ne. Na bi ta ofis na rufe ƙofa, na zayyana mata komai, da tururuwa da Luba da Ajuji. Na ce Saratu ta ba ni kwalba ta biyu, ita da kanta ta roƙa a duba mata.

"Balkisu, wannan aikin ba ya cewa nono mai kyau ne ko marar kyau," ta ce. "Kuma ba ki buƙatar injina ki san cewa tururuwa na nutsewa cikin kowane ruwa in ta gaji. Ke ma kin sani."

"Na sani, Dakta. Na faɗa, ba a ji ba. Tsohuwar ta ce ita gani ta yi. Ina son in kai mata abin da za ta gani."

Ta bubbuga biro a tebur. Can ta ce dama dole in koyi aikin da hannuna a kan wani samfur da ba ya cikin binciken, to in koya a kan wannan. Amma da sharaɗi, in na koma in faɗi abin da na gani kawai, kada in ƙara ko gishiri. Na ce na yarda.

Injin juyinsu irin namu ne na raba jini, sai dai wannan ya kai girman firiza, kuma gudunshi ba a magana. Munka juya na farko, maiƙo ya taso sama kamar man shanu, na kwashe. Munka sake, munka tace, munka sake, kowane zagaye ana zubar da wani abu, nonon Saratu na ƙara zama ruwa-ruwa. Na ƙarshe ya ɗauki awoyi. Ina zaune ina gadin injin sai waya ta shigo, da layin Nijar, don kun san shi ke kamawa a can. Saratu ce.

"Yaya, jikin Ajuji da zafi tun jiya. Inna ta aika a kawo akuya."

Na ce ta kai shi asibitin Sabon Birni yanzu-yanzu a gwada jininshi, kuma ta ba ni Inna. Tsohuwar ba ta iya riƙe waya ba, tana ihu kamar daga ƙetaren gulbi take kira na.

"Likita, na gaya maki ba ni jira!"

"Inna, nonon na cikin inji yanzu haka, ina kallonshi. Don girman Allah ki bari a ga likita tukuna. Zazzaɓin sauro ba ya tambayar abin da yaro ke sha."

"In ya tafi hwa? Ke za ki haƙa?"

Na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah ki ba ni kwanakin da kinka alkawarta." Layin ya yanke, ban san ko ta ji ba.

Injin ya tsaya. Na ciro bututun, na tsiyaye ruwan sama a hankali yadda anka koya mani, na ɗaga shi ga haske. Babu komai. Wayam! Na juya, na karkata, ban ga ko ƙura ba. Jama'a, ni da takardar makaranta da farar riga, a wannan lokacin zuciyata cewa ta yi, ashe Inna Kulu ta yi gaskiya, nonon yarinyar nan fanko ne. Na zauna a ƙasa. Dakta ta shigo ta same ni haka, ta karɓi bututun, ta kwashe da dariya. Ta nuna mani wani ɗan dusu-dusu a gindin, kamar inda yatsa ya taɓa gilashi.

"Ga su nan. Na kowa haka yake fitowa. Mi kike jira, dunƙulen tuwo?" Ba tuwo ta ce ba, wani abincinsu ta ambata, amma ma'anar ke nan.

Munka rina su da wani rini mai ƙyalli kore, munka wanke rarar rinin, munka zuba su kan ƙwayoyin hanji da suke renon su a ɗan faranti cikin ɗumi. A faranti na biyu munka zuba na sauran matan da anka haɗa, na uku kuma rini kawai babu ƙunshi, don kada mu ruɗi kanmu. Sai jira. A cikin jiran nan saƙo ya shigo daga Saratu cewa zazzaɓin sauro ne, an ba shi magani, kuma yana kama mama. Akuyar dai an kawo ta, tana ɗaure.

Washegari Dakta ta kai ni wani ɗan ɗaki marar taga inda babban madubinsu yake, ta kashe fitila. Ta fara sa faranti na uku, allo ya nuna ƙwayoyin hanji jere, cibiyoyinsu shuɗi, sauran duhu. Ta sa na sauran matan, sai ga ɗige-ɗige kore sun cika cikin ƙwayoyin. Sannan ta ce in sa na Saratu da hannuna. Na yi bisimilla na murɗa. Allahu Akbar! Kore ko'ina, sun shige cikin ƙwayoyin sun taru kewaye da cibiya, ba ka iya bambanta shi da na sauran. Ban san sadda na rangaɗa guɗa ba. Ɗalibai sunka rugo a guje sun ɗauka gobara ce, sunka same ni ina rawa da safar hannu, Dakta na jingine da bango tana share hawayen dariya. Daga baya gwajin zarurrukan ya fito, irin waɗanda ake samu a nonon sauran mata suna nan cikin nata. Na ɗauki hoton allon da wayata ta kowace fuska.

Sauran kwanakin na yi su a kan ƙaya, ina aiki ina duban waya. Ranar tafiya Dakta ta raka ni tashar jirgin ƙasa a kan kekenta, jakata a baya, ta sake tuna mani sharaɗinmu. Komowa ba ta da labari, sai dai na yi barci tun daga sama har Abuja, kuma a Sakkwato na ci tuwon dawa da miyar kuka har mai abincin ta tambaye ni ko daga gidan yari na fito.

Ko gida ban biya ba, daga tashar Sabon Birni na hau babur sai Unguwar Lalle. Na tarar da Saratu a tsakar gida ta rame, Ajuji na hannun kakarshi, ya warware amma yana ƙananan kuka. Saratu ta raɗa mani cewa tun safe Inna ta hana a ba shi mama, ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Matan gida sunka taru. Munka gaisa, doguwar gaisuwa irin tamu wadda na yi kewa, sannan na durƙusa na miƙa wayar.

Na nuna mata na duhun, na ce wannan babu nono. Na nuna na sauran mata. Na nuna na Saratu. Ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sa anka kawo mata tabarau. Na yi mata bayanin ƙunshi da saƙo da rage wuta, tana gyaɗa kai.

"Wagga koriyar, daga jikinta ta fito?"

"Daga jikinta, Inna. Rinin namu ne, ƙunshin nata ne."

"To rantse mani in ya sha zai rayu."

Saratu ta zuba mani ido, na san abin da take roƙo, kuma wallahi na so in rantse.

"Ba ni iyawa, Inna. Rai na Allah ne. Abin da na gani da idona shi ne nononta ɗaya yake da na matan da ɗiyansu ke gudu a waje. Kuma abin da na sani daga aikina, yaro ƙarami kamar wannan in an raba shi da mama, gudawa ta fi saurin samunshi. Iyakar abin da ke gare ni ke nan."

Ta koma kan hoton. Ta sa ɗan yatsa tana shafa ɗigon kore ɗaya bayan ɗaya, har allon ya mutu, na sake kunna mata. Da ta yi magana muryarta ta sauka, sai ni da ke kusa na ji.

"Ita ma Luba, ana aika mata irin wanga?"

Na so in yi shiru, amma tambayata ta yi.

"Ana aika mata, Inna."

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ta dafa ƙasa ta miƙe da yaron, ta taka har inda Saratu take, ta sa mata shi a cinya da hannunta. Ta tsaya a kansu har ya kama, har kukan ya yanke, ana jin haɗiyarshi.

"Ki ba shi duka biyun," ta ce. "Kada ki tashe shi sai ya saki da kanshi."

Sannan ta ɗauki butarta ta zaga bayan ɗaki, ko da yake lokacin salla bai yi ba, kuma ba wanda ya bi ta.